Giram Nawa a Minti Goma? Awon da Ke Raba Robar Kirki da Ta Jabu a Kudancin Kano

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, kafin ruwan fari ya sauka, duk wanda ya bi gefen dam ɗin Tiga ko fadamun ƙasar Kiru zai ga roba kwance a rana ta ko'ina. Ga mesar da ke zuƙo ruwa zuwa injin ban-ruwa, ga fayif da aka jona bi da bi har cikin gonar tumatir da albasa, ga baƙin tanki ɗare a kan ƙarfe a harabar masallaci ko asibitin ƙauye, ga kuma buhunan taki da aka jibge a bakin gona. A nausa kudu ta Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore a shiga ƙasar Doguwa, labarin bai sauya ba, sai dai buhunan masara da shinkafa sun fi yawa.

Lokacin da aka gina dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji, tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, siminti da ƙasa da ƙarfe ne suka ɗauki aikin raba ruwan nan da ya kusa kai kubik mita biliyan 2. Yau, daga inda babbar magudanar gwamnati ta tsaya, roba ce ke ƙarasa ruwan zuwa gindin shuka. Ita ke riƙe bangon rijiyar burtsatse kada ya rufta, ita ke ajiye ruwan sha, ita kuma ke tsare hatsi daga kaka zuwa bazara. Amma har yanzu da ido da hannu ake sayenta. Mai saye ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa, ya matsa da yatsa, sannan a hau ciniki. Idan ta fashe bayan wata uku sai a ce rana ce ta cinye ta, ko a ce dama araha ba ta ado.

Gaskiya ne rana na da hannu. Sai dai akwai fayif biyu da za a shimfiɗa a gona ɗaya, rana ɗaya ta dake su, ɗaya ya shekara goma, ɗaya ya kasa ganin kaka. Abin da ya raba su wasu 'yan lambobi ne da ake fitarwa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma awon da yawa daga cikinsu bai kai wahalar da mutane ke zato ba.

Rubutun da ke jikin fayif

A jikin fayif ɗin da aka yi bisa ƙa'ida akwai layin rubutu da ke faɗin sunan kamfani, da irin robar, da faɗi da kaurin bango, da kuma ƙarfin matsin ruwan da zai jure, misali bar 6 ko bar 10. Bar ɗaya shi ne matsin ruwan da ya taru tsawon mita 10 a tsaye. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, wannan lamba an yanke ta ne a kan zafin digiri 20 a ma'aunin Selshiyos. A Tiga ko Yako, a tsakiyar Afrilu, iskar kanta takan kai digiri 40, kuma baƙar robar da ke kwance a fili tana iya haura digiri 60 da tsakar rana.

Ƙa'idojin duniya ba su ɓoye wannan ba. Ƙa'idar ISO 1452, wadda ta shafi fayif ɗin PVC na ruwa, ta nuna cewa idan zafi ya kai digiri 45, abin da ya rage na ƙarfin bai wuce kashi 63 cikin ɗari ba. Ke nan mai bar 10 ya koma kusan mai bar 6. Ta baƙin fayif ɗin foliyetilin kuwa, wato ISO 4427, ta bar masa kusan kashi 74 cikin ɗari a digiri 40. Ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, mai bakin inci 2 ko 3, ba ya tura ruwa sama da mita 30 ko kusa da haka, wato bar 3. Saboda haka fayif mai bar 6 na gaskiya zai jure masa ko da rana ta take. Wanda ya tsage a hannun irin wannan inji, akwai alamar tun daga masana'anta bai cika abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Zafi kuma yana miƙar da roba. Foliyetilin kan ƙara kusan milimita 0.2 a kowace mita idan zafi ya hau da digiri ɗaya. A layin mita 100, tsakanin sanyin asubahin hunturu da zafin azahar, bambancin digiri 20 kaɗai ya isa ya sa fayif ya miƙe ya kuma tsuke da kusan santimita 40. Shi ya sa ake tarar da mahaɗa ta zare da safe ba tare da kowa ya taɓa ta ba, sai a ɗora wa yara ko shanun makiyaya laifi.

Ɗan injin da ya fi kowane aiki

A masana'antar roba, gwajin farko da ake yi wa buhun ƙwayar roba idan ya iso shi ne awon kwararar ta bayan ta narke, wanda 'yan masana'anta ke kira MFI ko MFR. Na'urar ba ta fi a ɗora a kan tebur ba. Ƙaramin bututun ƙarfe ne a tsaye mai zagaye da abin dumamawa, a ƙasansa akwai wata 'yar kafa mai faɗin milimita 2.095 da tsawon milimita 8. Sai a zuba giram 3 zuwa 8 na roba, a danna, a jira minti biyar zuwa bakwai ta narke, sannan a ɗora nauyi a kan sandar da ke turo ta. Narkakkiyar roba ta riƙa fitowa ta ƙasa, mai gwaji yana yanka ta a kan lokaci, yana aunawa a sikeli. Amsar da ake nema ɗaya ce: giram nawa ne zai fito a minti goma.

Kowace roba da sharaɗinta. Foliyetilin, wadda ake leda da jarka da tanki da ita, ana gwada ta a digiri 190, da nauyin kilo 2.16, ko kilo 5 idan ta fayif ce. Folifurofilin, ta buhu da kujera da wasu bokitai, a digiri 230. Ƙa'idojin ISO 1133 da ASTM D1238 ne suka tsara haka, domin lambar da aka samu a Kano ta yi daidai da wadda aka samu a Fatakwal ko Indiya. Asalin na'urar daga kamfanin ICI na Ingila ne, inda Eric Fawcett da Reginald Gibson suka ci karo da foliyetilin a 1933, kamfanin kuma ya buƙaci hanya mai sauri ta bambance wannan dafi da wancan.

Me lambar ke faɗa? Roba dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari, sarƙe da juna. Idan sarƙoƙin dogaye ne, narkakkiyar robar takan yi kauri, ta fito a hankali, lambar ta yi ƙasa. Idan gajeru ne, sai ta tsinke ta kwarara, lambar ta hau. Duk wadda ta taɓa ɗura kunu a gora ta mazurari ta san bambancin mai kauri da tsararo. Dogayen sarƙoƙin nan kuwa su ne ke hana ƙaramar tsaga ta yi tafiya a jikin roba, su ne ke ba ta juriyar matsi na shekaru.

Don haka kowane kaya da lambar da ta dace da shi. Robar fayif ɗin ruwa mai matsi, a ƙa'idar ISO 4427, tana tsakanin giram 0.2 da 1.4 ne a minti goma, da nauyin kilo 5. Ta zaren saƙa buhu tana wajen giram 3. Ta tankin ruwa, wadda ake zuba garinta a mazubi a riƙa jujjuya shi a cikin tanda ba tare da wani matsi ba, tana bukatar 'yar tsinkewa, wajen 3 zuwa 7, don ta bi kowane lungu na mazubin. Ta bokiti da baho da kofi, waɗanda ake harba narkakkiyar roba cikin mazubi da ƙarfi, tana iya kai 10 ko 20 ko fiye. Babu wadda ta fi wata daraja a cikinsu. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka ɗauki ta bokiti aka zuba a injin fayif. Fayif zai fito sumul, ya yi sheƙi, injin ma ya fi gudu kuma ya rage shan wuta, abin da ke da daɗi ga mai masana'antar da ke ƙona dizal. Manomin da ke Rantan ko Yaryasa ne zai biya ragowar kuɗin bayan 'yan watanni.

Ba a ce lambar nan ita ce komai ba. Tana auna kwarara ne a sannu, alhali cikin injin masana'anta robar na gudu da matsi mai tsanani, kuma narkakkiyar roba tana ƙara tsinkewa gwargwadon yadda aka matsa mata. Shi ya sa manyan ɗakunan gwaji ke da wata na'ura da ke tura robar a gudu iri-iri, wasu kuma su maimaita gwajin da nauyin kilo 21.6 su kwatanta amsoshin biyu. Duk da haka, a matsayin mai gadin ƙofa, ɗan injin nan ya wadatar. Kafin rabin awa zai nuna ko buhun da aka kawo shi ne aka yi oda.

Abin da jari-bola ke kawowa

Sabuwar ƙwayar roba tana zuwa da takardarta. Kamfanin Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, wanda ya karɓi masana'antar daga hannun gwamnati a 2006, yana yin foliyetilin da folifurofilin, matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da folifurofilin a 2025, sauran kuma daga ƙetare ake shigo da su. Kowane nau'i da lambarsa a rubuce. Amma wani babban kaso na robar da ake sarrafawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai da Dakata ba daga nan ya fito ba. Daga bola ya fito, ta hannun 'yan jari-bola da 'yan gwangwan da ke bin gari da ƙauye suna tattara fasasshen bokiti, tsohuwar buta, tsinkakken silifa da ledar fiya-wata. Abin da aka tara a Kiru ko Tudun Wada yakan hau mota zuwa birni, a ware, a niƙa, a wanke, a narkar, ya dawo kasuwar ƙauye a matsayin sabon baho.

Ni ban ga aibin wannan sana'a ba, kuma duk mai zagin ta ya fara tunanin yadda magudanun Kano za su kasance ba don ita ba. Masu warewar ma suna da iliminsu. Sun san cewa idan aka zuba niƙaƙƙiyar roba a ruwa, PVC da robar gorar lemo, wato PET, za su nutse, domin nauyinsu ya kai kusan 1.4 na nauyin ruwa, foliyetilin da folifurofilin kuma su taso. Sun san wadda idan aka kusanta ta da wuta take ɗiga tana warin kyandir, da wadda ke mutuwa da kanta tana fitar da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Wasu kan duba 'yar lambar nan ta 1 zuwa 7 da ke gindin kaya, wadda masana'antun roba na Amurka suka ɓullo da ita a 1988.

Matsalar ita ce foliyetilin da folifurofilin duk suna tasowa a ruwa, kuma bayan an niƙa su ido ba ya raba su. Su biyun kuwa ba sa haɗuwa da kyau idan an narkar. Kowace takan ware a cikin 'yar uwarta, mahaɗarsu ta zama wurin da tsaga ke farawa. Bokitin da ya faɗi sau ɗaya a bakin rijiya ya dare gida biyu, sau da yawa wannan ce cutarsa. Sannan kowace narkarwa tana cin wani abu. Folifurofilin sarƙoƙinta ke tsintsinkewa, lambar kwararar ta riƙa hawa daga zagaye zuwa zagaye. Foliyetilin mai tauri kuwa wani lokaci sarƙoƙinta harɗewa suke ƙara yi, lambar ta sauka, a riƙa ganin ƙananan gudaji a jikin leda. Mai narkarwar da ke da na'urar awo zai iya cewa wannan buhu na baho ne, wancan na fayif ɗin wayar lantarki, wannan kuma bai dace da komai ba sai tukunyar dashen itace. Wanda ba shi da ita sai ya zuba duka a inji ɗaya ya yi fatan alheri.

Miligiram goma a kan wuta

Na'ura ta biyu, wadda ake kira DSC, ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma an fi samunta a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Watson da O'Neill na kamfanin Perkin-Elmer a Amurka ne suka ƙirƙiro ta a 1962. Ana yanko miligiram 5 zuwa 10 na roba, a rufe a 'yar ƙaramar tasar alminiyam, a ajiye wata tasar wadda ba komai a cikinta a gefe, a riƙa ɗaga zafinsu tare, yawanci digiri 10 a kowane minti. Na'urar na lura da ƙarin zafin da tasar mai roba ke sha. Idan robar ta zo narkewa sai ta zuƙi zafi da yawa a lokaci guda, layin da ke kan allon kwamfuta ya yi tsini.

Wurin da tsinin ya fito shi ne shaidar robar. Foliyetilin mai laushi, irin ta leda, tana narkewa tsakanin digiri 105 da 115. Mai tauri, ta jarka da fayif, wajen 130 zuwa 135. Folifurofilin wajen 160 zuwa 165. Ta gorar lemo sai kusan 250. Idan aka ce maka wannan tankin zallar foliyetilin ne, layin kuma ya nuna tsini biyu, ɗaya a 130 ɗaya a 163, magana ta ƙare.

Akwai wani gwaji da ake yi da wannan na'ura wanda, a ganina, ya fi kowane dacewa da ƙasa mai rana irin tamu. Masu yin roba suna zuba mata wani ɗan sinadari da ke kare ta daga cin iskar oksijin, kuma sinadarin ƙarewa yake a hankali, da zafin inji da zafin rana. Don a san saura nawa, sai a kai robar digiri 200 a cikin iskar naitirojin, sannan a sako mata oksijin, a fara ƙirga mintuna har ta fara ƙonewa daga ciki. Ƙa'idar fayif ɗin ruwa ta ce kada ya gaza minti 20. Robar da ta sha rana a bola aka sake narkar da ita ba tare da an ƙara mata maganin ba, takan sallama tun ba a je ko'ina ba. Haka ma baƙin launi. Baƙin fayif na gaskiya yana ɗauke da garin baƙin kabon kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari, wanda ke tare hasken rana mai lalata roba. Amma kaɗan daga garin ya isa ya baƙanta roba a ido, ya kuma rufe launin tarkacen da aka haɗa. Baƙi dai duk baƙi ne a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Nauyi ba shaida ba ne

PVC, wato fayif mai ruwan toka ko fari ko shuɗi da ake saka wa rijiyar burtsatse da aikin famfo, halinsa daban. Ba ya narkewa tsaf a wuri ɗaya, kuma idan zafi ya yi masa yawa yakan fara lalacewa yana fitar da iska mai guba da cin ƙarfe, don haka ba a cika saka shi a na'urar awon kwarara ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne zafin da yake fara laushi. Gwajin yana ɗauke da sunan Louis Vicat, injiniyan Faransa da ya yi amfani da allura wajen gane lokacin da siminti ke kamawa. Ana ɗora allura mai shafaffen baki, faɗin milimita ɗaya murabba'i, a kan guntun fayif a cikin mai, a danna ta da nauyin kusan kilo 5, a riƙa ƙara zafi digiri 50 a kowace awa. Zafin da allurar ta nutse milimita ɗaya shi ne amsa. Ga fayif ɗin ruwa mai matsi, ana son kada ya gaza digiri 80.

Masu aikin famfo sun san wannan laushi ba tare da allura ba. Idan babu soket, sai a kunna kwali ko ciyawa, a gasa bakin fayif, a cusa ɗan'uwansa a ciki. Dabarar na aiki, domin da zarar an wuce digiri 80 robar za ta miƙa wuya. Sai dai harshen wuta ya ninka wannan zafi sau da yawa, kuma wurin da ya yi ja ko ruwan ƙasa ya riga ya ƙone, ga bangon ya sirance saboda buɗawar. Yawancin yoyon layin ban-ruwa a irin wannan mahaɗa yake farawa.

Babbar cutar PVC a kasuwa kuwa ita ce garin farar ƙasa, wato kalsiyam kabonet. Kaɗan daga cikinsa halal ne a sana'ar, yana ma taimaka wa inji. Amma ya fi roba araha ƙwarai, don haka akwai jarabar a yi ta ƙarawa. Ga inda abin ya zama abin takaici: nauyin garin ya kai 2.7 na nauyin ruwa, kusan ninki biyu na PVC. Ke nan fayif ɗin da aka cika wa gari ya fi na kirki nauyi a hannu, mai saye kuma nauyin yake bi. Ya ɗaga ya ji dam, ya ce wannan shi ne mai kyau. Ranar da aka jefo shi daga kan mota, ko dutse ya matse shi a cikin rijiya, sai ya fashe ba tare da ya lanƙwasa ba. A ƙasar Doguwa da Tudun Wada, inda ake huda dutse kafin a kai ga ruwa, rijiyar da bangonta ya rufta asarar kuɗin haƙa ce gaba ɗaya, har da famfon da ya maƙale a ciki.

Kama wannan ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ƙa'idar ta ce nauyin PVC na ruwa ya tsaya tsakanin 1.35 da 1.46 na nauyin ruwa, kuma sikeli mai kyau da kofin ruwa sun isa a auna. Ana kuma ƙona guntu a tanda mai tsananin zafi a auna tokar da ta rage. Wani gwajin, a sa guntun fayif a tanda a digiri 150 a ga nawa zai tsuke. Idan ya wuce kashi 5 cikin ɗari, an ja shi da gaggawa a inji, kuma zai nemi komawa yadda yake duk ranar da ya ji zafi.

Buhu mai ninki uku

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa masara da shinkafa da rake suka yi gida a nan, kuma duk hatsin da ya bar Dadin Kowa ko kasuwar Tudun Wada zuwa Dawanau a buhun roba yake tafiya. Buhun nan saƙaƙƙen zaren folifurofilin ne, robar da ta fi sauran tsoron hasken rana. Idan ba a sa mata maganin kariya ba, 'yan makonni a fili sun isa ta fara zama gari, a zo ɗagawa buhu ya yage masara ta watse.

Wanda ya fi bukatar kulawa shi ne buhun ajiya na PICS. Tunaninsa ya faro ne daga aikin Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, kan yadda za a ajiye wake ba tare da magani ba. A 2007 aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma, kuma kamfanin Lela Agro na Kano yana cikin waɗanda suka fara ƙera shi. Leda biyu ne na foliyetilin mai tauri, kowace kaurin maikiron 80, a cikin saƙaƙƙen buhu. Idan aka ɗaure kowace da kyau, ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Duk hikimar ta rataya ne a kan ledar ta hana iska shiga. Ledar da aka yi da robar da ba ta dace ba, ko wadda gudaji da yashi suka bar wa ƙananan huji, a ido ba ta da bambanci da ta gaske. Sai an kwance buhu a watan azumi ko gab da shuka a tarar da gari. Daga nan mai wake ya ce buhun ƙarya ne, ya koma zuba maganin ƙwari a abincin da mutane za su ci.

Ina za a kai a auna?

Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin ƙa'idojin kaya a Nijeriya, kuma tsarinta na MANCAP ne ke ba kayan da aka yi a gida shaidar cika ƙa'ida. Kamfanonin da ke da rajista suna bin wannan layi. Ƙananan masu narkarwa da ke aiki a bayan gari ba tare da suna a jikin kayansu ba, ba sa cikin lissafin kowa, kuma kayansu ne suka fi isa kasuwar ƙauye saboda sauƙin kuɗi.

Ilimin kuwa bai yi nisa ba. Kwanar Dangora na kusan rabin hanya tsakanin Kano da Zariya. A Zariya akwai sashen nazarin roba da masaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai cibiyar NILEST a Samaru da ke koyar da fasahar fata da roba, akwai NARICT a Basawa mai binciken sinadarai. A Kano ga Jami'ar Bayero, ga ta kimiyya da fasaha a Wudil. Ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu kan robar da aka haɗa da ɓawon shinkafa ko na gyaɗa, abin da ba laifi ba ne, amma da wani zai bi kasuwannin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ya sayo fayif da mesa da buhun da ake sayarwa a zahiri, ya auna, ya buga sakamakon da Hausa, da aikinsa ya fi shiga gona.

Manomi ɗaya mai sayen fayif goma ba zai je Zariya gwaji ba, kuma ba wanda zai ce ya je. Masu iya tambaya su ne masu sayen da yawa: ƙaramar hukumar da ke ba da kwangilar rijiyoyi, hukumar RUWASA ta jiha, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ƙungiyoyin manoman rani da ke haɗa kuɗi su yi sari, da dillalan da ke cika mota daga Ƙofar Ruwa. Duk kamfanin da ke sayen sabuwar ƙwaya yana karɓar takardar gwaji tare da kayan, don haka neman kwafinta ba wani abu ne sabo ba. A takardar kwangila ana iya rubuta nauyin PVC da zafin laushinsa, da lambar kwarara da mintunan juriya na baƙin fayif, a kuma ce za a yanki guntu daga cikin abin da aka sauke a wurin aiki, ba wanda ɗan kwangila ya zaɓo da hannunsa ba.

Fayif ɗin da ya riga ya fashe ma yana da amfani idan ba a jefar ba. A yanko wurin fashewar tare da sashen da ke da rubutu, tsawon taƙi ɗaya ya isa. Idan rana ce ta ci shi, lalacewar a fatar waje za ta tsaya, cikin bangon ya fito lafiya a gwaji. Idan garin farar ƙasa ne ya yi yawa, toka za ta nuna. Idan robar bokiti ce aka yi fayif da ita, giram ɗin da zai fito a minti goma zai ninka na ƙa'ida sau da yawa, kuma da wannan lamba a hannu ƙungiyar manoma na da abin da za ta ajiye a gaban dillali ko ofishin SON na Kano.